Baba, Jinin Inna Bai Mutu Ba

Zuwa ga mahaifina, marigayi Malam Buba Wanzami na Kagarawal.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da ladabi irin wanda ya kamaci 'ya ga mahaifinta, ina roƙon Allah ya sa kana cikin rahamarsa, ya yalwata maka makwanci. Mu nan Gombe muna nan yadda ka bar mu. Jikokinka sun girma, kullum suna sa ka a addu'a, ƙaramarsu ma da ba ta san ka ba ta iya nuna hotonka.

Na gama gaisuwa, Baba. Yanzu ka yi haƙuri ka saurare ni, domin fushi nake yi da kai. Shekara biyu da rasuwarka, ban taɓa zaton bakina zai iya furta haka ba. Na san masu karanta wannan a shafina za su ce Hajara ba ta da kunya, ta rasa wanda za ta yi wa faɗa sai ubanta da ke kabari. Su faɗa. Ni dai na haɗiye maganar nan har ta ƙi haɗiyuwa.

Maganar Inna ce. Tun bayan azumi take fama da ciwon kai a ƙeya, daidai inda naka yake kama ka. Da ƙyar da lallashi na sa ta a keke muka je asibiti. Ma'aikaciyar ta ɗaura mata abin awo a dantse, ta duba, ta kwance, ta sake ɗaurawa a ɗaya hannun, sannan ta ɗago ta dube ni, ba ta dubi Inna ba. Ɗari da casa'in a sama. Hawan jini. Aka rubuta mata magani, ƙwaya ɗaya kullum da safe, na saya na kai mata har ɗaki na nuna mata yadda ake ɓallowa. Bayan mako biyu na je na tarar da shi cikin langa a saman kabad, ko guda ba a taɓa ba.

Da na yi magana, ka san abin da ta ce mini? «Babanku ya ce mataccen jini ne ke taruwa a ƙeya, in an cire shi shi ke nan.» Ashe ma ta riga ta aika wa Hamma Sale, babban ɗanka da ka bar wa zabira, ya zo ya kafa mata ƙaho.

Haba, Baba! Kana kwance a ƙasa amma maganarka ta fi tawa ƙarfi a gidan nan. Shekara goma sha huɗu ina koyar da 'yan mata ilimin halittu a makarantar sakandare a Nasarawo. Na zana zuciya a allo har alli ya ci mini yatsu. 'Ya'yan wasu sun ji, sun rubuta, sun ci jarrabawa, wasunsu yanzu su ke auna mutane a asibiti. Uwar da ta haife ni kuwa, da na buɗe baki sai ta rufe mini shi da «Babanku ya ce».

Kafin masu sharhi su yi mini caa, bari in faɗa: ban zagi ƙaho ba. Da ƙaho aka ciyar da ni, da shi aka yi mini ɗinkin makaranta. Na san matsayinsa a addini, na kuma san mutane da yawa suna jin sauƙin jiki bayan an yi musu. Abin da ya hana ni sukuni shi ne a ce ƙaho ya tsaya a madadin maganin hawan jini. Wannan kam ba zan yarda ba, ko kai ne ka dawo ka faɗa.

Ina tuna rumfarka ta bakin hanya tun ina 'yar shekara bakwai, ina kawo maka kunu da safe in ƙi komawa gida. Mutum zai zauna a tabarma ya sunkuyar da kai, ka aske masa ƙeya, ka kafa ƙahon ka zuƙe iskar, ka toshe 'yar hudar da ke tsininsa. Can ka cire, ka yi 'yan tsage da bakin aska, ka mayar. In ka sake cirewa sai ka juye a kasko, ga jini nan baƙi ƙirin, guda-guda. Sai ka nuna wa mai shi ka ce, «Ka gani? Wannan ne ya hana ka barci.» Mutumin ya leƙa, ya yi salati, ya tashi yana jin kamar an sauke masa kaya. Ni kuma ina gefe ina jin duk Gombe babu wanda ya san jini kamar ubana.

Jinin nan bai mutu ba, Baba. Na faɗa maka kana da rai, zan sake faɗa maka yau. Jini da ja yake fita daga zuciya, ya bi manyan jijiyoyi, su yi ta rarrabuwa suna ƙanƙancewa har su zama sirara fiye da gashin kai. A waɗannan siraran ne yake sauke iska da abinci ga tsoka da fata. Da ya sauke iskar sai launinsa ya yi duhu. Daga nan ya shiga wasu jijiyoyin daban masu mayar da shi gida, ya isa ɓangaren dama na zuciya, ta tura shi huhu, ya ɗauki sabuwar iska ya koma ja, ya dawo ɓangaren hagu, a sake harba shi. Abin da kake zuƙowa daga ƙarƙashin fata jini ne da ya gama sauke kayansa yana kan hanyar komawa. Da ka bar shi, kafin ka gama wasa askarka ya je huhu ya dawo ja. Gudajin kuwa, kowane jini in ya bar jiki daskarewa yake yi, har na jaririn da aka haifa jiya.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne ba jahilci ne ya yi maka katanga ba. Kai ne mutum na farko da ya nuna mini jijiya. Ka kama yatsuna biyu ka ɗora a wuyan hannunka, gefen babban yatsa, ka ce in yi shiru. Na ji abu yana harbawa, na firgita na janye hannu, ka yi ta dariya. Ka nuna mini a gefen goshi, ka nuna mini a gefen wuya. Ka ce, «Uwata, duk inda kika ji yana harbawa, ba a sa aska a wurin.» Haka kakanmu ya koya maka. Ba ka taɓa shiga aji ba, amma yatsanka ya san inda kowace babbar jijiya ta bi a jikin mutum, shi ya sa shekara arba'in kana aiki ba a taɓa ɗaukar wani daga rumfarka yana zubar da jini ba.

Ka tuna babbar sallar nan da nake shekara ta biyu a kwaleji? An feɗe rago, Inna ta ɗora kasko tana jiran kayan ciki, na yi wuf na ɗauke zuciyar na kawo maka zaure, tana ta yi mini faɗa daga madafi. Na nuna maka farar jijiyar nan mai kauri da ke fitowa daga samanta, wadda ko an yanke ta bakinta a buɗe yake tsayawa. Ka zura ƙaramin yatsanka a ciki. Ka ja ta, ta miƙe, ka saki, ta koma. Na ce maka bango uku gare ta: na ciki mai santsi don jini ya wuce ba tangarɗa, na tsakiya tsoka ce mai talewa da tsukewa, na waje kuma mai tauri ne yana riƙe da su. Sannan na nuna maka wadda ke kusa da ita, mai mayar da jini, laushi laƙwas, ta kwanta kamar jiƙaƙƙen ƙyalle. Na ce irinta da ke ƙafa da hannu har 'yan ƙofofi gare su a ciki, suna buɗewa jini ya haura su rufe kada ya gangaro.

Ka daɗe kana juya ta a hannu. Ka ce, «Wannan mai taurin ita ce mai harbawa. Na sha ganinta, ban san ita ce ba.» Na ji daɗi har na zarce. Na ce maka hawan jini ba yawan jini ba ne, ba kuma datti ba ne. Ƙananan jijiyoyin ne ke tsukewa su yi tauri, sai zuciya ta dinga turawa da ƙarfin tsiya, kamar yadda ruwa ke yi in an danne bakin tiyon masu tanka da yatsa. Shekara da shekaru bangon yana shan bugu, wata rana mafi rauni a cikinsu ta toshe ko ta fashe, kuma sau da yawa a ƙwaƙwalwa take. Na ce ɗan jinin da ƙaho ke cirewa ba ya sassauta su. Ka dube ni, ka ce, «Uwata ta zama likita,» ka miƙo mini zuciyar ka ce in kai wa Inna kafin mai ya ƙone.

Na ɗauka ba ka gane ba. Shekara da shekaru ina ɗauka ba ka gane ba, ina yi maka uzuri. Duk lokacin da na ga kana matsa ƙeya na ce mu je a auna ka, sai ka kawar da zancen da wasa, in kuma na matsa ka ɗaure fuska, ni kuwa ba na iya jure ɗaurewar fuskarka.

Sai idonka ya fara rauni, ka kira Hamma Sale ka damƙa masa zabira da rumfa, ka dawo zaure ka zauna. Wata huɗu kacal. Ranar kana alwalar la'asar a ƙofar gida, buta ta suɓuce daga hannunka na dama, ka sunkuya za ka ɗauka ka kasa. Bakinka ya karkace. Kana kallona kana son magana, harshe ya ƙi. A keke muka kai ka, kanka a cinyata, ƙafafunka a waje. Da aka ɗauki hoton kai, likita ya nuna mini wani farin tabo a gefen hagu ya ce jijiya ce ta fashe. Ban buƙaci bayani ba, ni nake koyar da shi. Kwana biyu kafin nan Hamma Sale ya yi maka ƙaho a ƙeya, Inna ce ta riƙe kasko. Kwana uku ka yi a gadon asibiti Allah ya karɓi abinsa.

Ka san abin da na ɗauka a ka tun daga ranar? Cewa ni na kashe ka da kunya. Ni mai ilimin, ni mai zanen zuciya a allo, na kasa ɗaura wa ubana abin awo sau ɗaya. Akwai ranar da nake koyar da darasin jijiyoyi, na kai kan bango na tsakiya, sai na ajiye allin na fice na bar 'yan mata sittin suna kallon juna. Shekara biyu, Baba. Ka bar ni da wannan shekara biyu.

To, ranar Asabar da ta wuce na rasa yadda zan yi da Inna, sai na tuna da Baba Yohanna. Amininka na Herwagana, tsohon ma'aikacin jinya, mutumin Billiri, wanda shekara talatin kana zuwa gidansa kowace Asabar ka yi masa aski don ya shiga coci ranar Lahadi da kai fes. Na san Inna tana ganin girmansa, na ce ko shi zai yi mata magana ta ji. Na hau acaɓa na je. Ya tsufa sosai, da sanda yake tafiya. Na faɗa masa abin da aka auna, na faɗa masa abin da Inna ta ce. Ya saurare ni har na gama. Can ya tashi ya shiga ɗaki, ya fito da baƙar leda ya ajiye a gabana.

Katin asibiti ne, da sunanka a jiki. Da kwalin maganin hawan jini guda, ba a buɗe ba.

Shekara shida, Baba. Shekara shida kana shan maganin hawan jini! Kowace Asabar in ka gama yi masa aski sai a tura ƙofa, ka naɗe hannun riga ya auna ka. Kowane wata ya karɓo maka kwali, ka ɓalle ƙwayoyin ɗaya bayan ɗaya ka zuba a ɗan tandun nan na fata da ke cikin zabirarka, wanda duk muka ɗauka wani laƙanin wanzanci ne da ba a tambaya. Kullum da safe a rumfa, kafin mutum na farko ya zo, ka haɗiye guda. Sannan ka shimfiɗa tabarma ka jera ƙahoni.

Baba Yohanna ya ce ranar da ya fara auna ka zai yi maka bayani, ka ɗaga masa hannu ka ce, «Na sani, Yohanna. Uwata ta nuna mini a zuciyar rago.» Ashe ka gane. Tun ranar sallar nan ka gane sarai, ka miƙo mini zuciyar ka ce in kai madafi.

Ka sa shi ya yi maka alkawarin ba zai faɗa wa kowa ba. Da ka ajiye aiki, dalilin zuwa Herwagana ya ƙare, abin da ke cikin tandu ya ƙare. Sau biyu bawan Allahn nan ya shigo keke ya zo Kagarawal da kwalin a aljihu. Sau biyun ya tarar da zaure cike da abokanka da tsofaffin mutanen rumfa, ka hana shi da ido. A na biyun da ka raka shi bakin titi ya zaro zai ba ka, ka mayar masa da hannu ka ce, «Bar shi. A gida idanu sun yi yawa, kuma na ji sauƙi.» Kwalin da ya ajiye a gabana shi ne wannan kwalin. Tsohon nan kuka ya yi a gabana, yana cewa ya riƙe alkawari har alkawarin ya cinye masa aboki.

Wane irin girman kai ne wannan, Baba? Idanun wa kake tsoro? Na matarka ta shekara arba'in da biyar? Nawa, da nake roƙonka ka bari a auna ka alhali ka fi ni sanin lambar? Da ka ce mini, Uwata, in kin taso makaranta ki biya ta Herwagana ki karɓo mini saƙo, wa zai sani? Ko a cikin ledar goro ne ai da na kawo maka. Ka zaɓi ka zauna a zaure kana jin ƙeyarka tana sara, ka san abin da ke faruwa da bangon jijiyoyinka, ka kira ɗanka ya kafa maka ƙaho don kada a ce Malam Buba ya koma wa maganin asibiti.

Akwai kuma abin da Baba Yohanna ya ƙara mini, ya zaci zai sanyaya mini rai, sai ya ƙara hura wutar. Ya ce a shekarun nan shida ka sha turo masa mutane. In mutum ya zo rumfa da ciwon ƙeya, ka ɗora yatsa a wuyan hannunsa ka ji bugun ya yi tauri, sai ka yi masa ƙahonsa, in zai tafi ka raɗa masa ya je Herwagana ya gai da Yohanna ya ce kai ka aiko shi. Da yawansu suna nan da ransu suna yawo a Gombe. Madalla. Allah ya sa a mizani. Amma bare ka ceta a ɓoye, matarka kuma ka bar mata «mataccen jini» ta riƙe kamar karatun allo. A rumfa kana iya raɗa, a gida ne ba ka iya saukowa daga kan kujerar wanda ya san jini.

Ranar Talata Hamma Sale ya sa zai yi wa Inna ƙaho. Na nemi izini a makaranta, na ɗauki keke na biya Herwagana na ɗauko Baba Yohanna. Muka tarar an shimfiɗa tabarma a tsakar gida, ƙahoninka a jere, Inna ta zame ɗankwali. Tsohon ya zauna a kujera ya faɗi komai, bai rage ba bai ƙara ba. Hamma Sale ya miƙe yana huci. Inna ko katin ba ta kalla ba, ta ce, «Malam bai taɓa ɓoye mini komai ba.»

Ka san tandun nan yana ina? Da ka ba Hamma Sale zabira ka cire shi ka riƙe. Bayan rasuwarka Inna ta same shi a aljihun rigarka, ta rataye shi a ƙusa a ɗakinta tare da carbinka, ba ta taɓa buɗewa ba don tana ganin sirrinka ne. Kullum sai ta share masa ƙura. Na shiga na ciro shi, ban ma san ko akwai wani abu a ciki ba. Na buɗe a gabanta na kaɗa a tafin hannuna. Farin gari ya zubo, da ɓarin ƙwaya guda. Na ɗauko nata maganin daga cikin langa na ɓallo ɗaya na ajiye kusa da shi.

Ban taɓa ganin fuskar Inna haka ba, ko ranar da aka fita da kai. Ta tambayi Baba Yohanna shekara nawa, ya ce shida. Ta ce, «Ni kuwa ina riƙe masa kasko.» Ta mayar da ɗankwalinta, ta ce wa Hamma Sale ya tattara kayansa, ta ce in ba ta ruwa. Ta haɗiye ƙwayar tana kallon ƙasa.

Na yi nasara ke nan, ko? To ka ji abin da ta jawo. Hamma Sale ya daina ɗaga wayata, ya aiko matarsa ta faɗa mini na tona asirin gida kuma zan kashe masa sana'a. Ban ga laifinsa ba sosai, shi ma abin da ka ba shi ya riƙe, rabin ka ba shi ka ɓoye rabi. Tandun ya bar kan ƙusa, ban san inda Inna ta kai shi ba. Matar da ba ta iya dafa miya ba tare da ta ce «Babanku ya ce» ba, yau kwana uku ban ji kalmar a bakinta ba. Ni na cire mata kai daga baki da hannuna. Ban so ba, Baba, Allah ya sani ban so ba. Kai ka bar ni tsakanin mutuncinka da ranta, kuma kai ka riga ka tafi, ita ce ke numfashi.

Kada ka ce na fallasa ka a bainar jama'a ba da izini ba. Na tambaye ta kafin in rubuta. Ta ce, «Rubuta. Waɗanda ya yi wa ƙaho su ji.» To ku ji, mutanen Kagarawal da duk wanda ya taɓa sunkuyar da kai a rumfar Malam Buba: shi ma yana shan maganinsa, kuma da ya daina wata huɗu ya yi.

Na faɗi abin da ke raina, kuma ga shi fushin ya fara guduwa ya bar ni da abin da ke ƙarƙashinsa. Ina kewarka, Baba. Ina kewar ƙamshin sabulun askinka da yadda kake gyaran murya kafin ka yi sallama. Ina tunaninka kai kaɗai a rumfa da sassafe, kana waige-waige kafin ka buɗe ɗan tandu, dattijo mai furfura yana ɓuya don ya sha magani kamar mai sata. Tsoro kake ji, na gane yanzu. Sana'ar da ka gada daga ubanka, sunan da ka yi shekara arba'in kana ginawa, ga 'yarka ta zo da zuciyar rago ta nuna maka inda ya tsage. Ba ka ƙaryata ni ba, ba ka kuma iya cewa na yi gaskiya ba. Da ka faɗa mini, wallahi da girmanka ƙaruwa zai yi a idona.

Yau da safe kafin in wuce makaranta na biya na auna Inna da abin awon da Baba Yohanna ya ba ni, wanda ya yi shekara shida yana matse dantsenka. Ya fara sauka. Da na kwance, na ɗora yatsuna biyu a wuyan hannunta, gefen babban yatsa, inda ka nuna mini. Yana harbawa, Baba, a hankali, daidai. Na miƙa mata ƙwayar da kofin ruwa. Ta karɓa, ta riƙe kofin ba ta sha ba, tana kallon cikinsa. Na zaci faɗa za ta yi da kai, na gyara zama don in taya ta.

Sai ta ce, «A rumfar nan ko randa babu. Shekara shida yana haɗiyar abin nan, ban taɓa miƙa masa ruwa ba.»

Wannan ka hana ta, Baba. Ba ƙaryar ce ta fi yi mata ciwo ba.

Ya Allah, ga bawanka Buba. Ka san abin da ya ɓoye da dalilin ɓoyewarsa fiye da yadda na sani. Ka gafarta masa, ka dubi waɗanda ya tura Herwagana a asirce, ka haskaka kabarinsa, ka shayar da shi daga tafkin Annabinka. Ka ba Inna lafiya da tsawon kwana, ka sassauta jijiyoyinta, ka sanyaya zuciyar Hamma Sale. Ka saka wa Baba Yohanna da alheri. Ni kuma ka yafe mini ɗaga murya ga mahaifina. Amin.

Ruwan Inna kuwa, kada ka damu, kullum da safe ni zan miƙa mata.

Taka har abada, wadda kake kira Uwata,
Hajara
Nasarawo, Gombe